Akwatin Taimakon Gaggawa da Tantance Masu Rauni Lokacin Ambaliya ko Gobara: Jagora ga Malaman Gona da Manoma a Inugu, Anaca da Fatakwal

Gabatarwa

Yawancin Hausawan da ke zaune a unguwar Ogui ta Inugu, da 'yan'uwansu na Anaca da Fatakwal, abincinsu yana rataye ne da noma, ko da ba su riƙe fartanya ba. Akwai fataken hatsi da wake da albasa da tumatir, akwai dillalan dabbobi a kasuwanni irin su Gariki da Ugwuoba, akwai masu lambu a bakin rafi, da masunta, da 'yan ci-rani masu zuwa ƙwadago a gonakin shinkafa. Zama ne mai tsohon tarihi, domin tun a shekarun 1950 Malam Umaru Altine ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu na farko. Amma komai daɗewar zama, mutumin da danginsa ke Kano ko Sakkwato, idan haɗari ya same shi, maƙwabcinsa na rumfa ko abokin aikinsa na gona shi ne zai fara isa gare shi, tun kafin motar asibiti.

An shirya wannan darasi ne domin kai malamin gona, da kai manomi ko ɗan kasuwar amfanin gona, ku san kayan da ya kamata a tanada, kuma ku san wanda za a fara taimaka wa idan masu rauni sun fi masu taimako yawa. Wannan na biyun ya fi na farkon muhimmanci. Akwati cike da bandeji a hannun wanda bai san inda zai fara ba, kaya ne kawai.

Haɗurran da ake fuskanta a wannan yanki

Anaca tana bakin Kogin Kwara ne, a ƙasa da Lakwaja inda Binuwai ke haɗuwa da shi. Ruwan yakan kai ƙololuwa a watannin Satumba da Oktoba, kuma yakan ƙaru idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. A ambaliyar 2012, hukumar NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin ƙasa, da fiye da miliyan 2 da suka bar muhallansu. A ta 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A watan Oktoba na wannan shekara ne jirgin ruwa ya kife da masu gudun ambaliya a ƙaramar hukumar Ogbaru, kusa da Anaca, aka ba da sanarwar rasuwar mutum 76. A duka shekarun biyu ruwa ya yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. A Jihar Ribas kuwa, yankin Ahoada da ke bakin kogin Orashi ne ya fi shan wuya.

Inugu tana kan tudu, don haka babban kogi ba ya isa gare ta. Nata haɗarin shi ne gobarar kasuwa da haɗarin mota. A watan Janairu 2025 tankar mai ta kama da wuta a gangaren Ugwu Onyeama, kan hanyar Inugu zuwa Anaca, aƙalla mutum 18 suka rasu. Irin wannan ta faru a Anaca a watan Oktoba 2019, inda wutar tanka ta bi magudanar ruwa har ta cinye wani sashe na kasuwar Ochanja. Abin lura a nan shi ne, a ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, mutane da yawa ne ke jikkata a lokaci guda, kuma hanya takan toshe.

Yadda ake tantance wanda za a fara da shi

Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya ruga wajen wanda ya fi kururuwa, ko wajen ɗan garinsu, ko wajen mai gidansa. To amma mai kururuwa yana numfashi, kuma yana cikin hankalinsa. Wanda ya kwanta shiru a gefe, jini na kwarara daga cinyarsa, shi ne zai iya cikawa cikin 'yan mintuna. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Nafoliyon, likitan sojan Faransa Dominique Larrey ya kafa ƙa'idar cewa a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba tare da duba muƙami ba. Tsarin launuka da za a bayyana a nan an samar da shi ne a 1983 a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma an yi shi ne don wanda ba likita ba ya iya aiki da shi.

Da farko ka tabbatar wurin ba zai cutar da kai ba. Kada ka shiga ruwan da wayar lantarki ta faɗa ciki, kada ka kusanci tankar da mai ke zuba daga jikinta, kuma ka hana yara zuwa kwasar man. Ka sa mutum ɗaya ya kira lamba 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra idan a kan hanya ne. Daga nan ka ɗaga murya ka ce duk mai iya tafiya ya tashi ya koma wuri kaza, misali gindin wata bishiya. Duk waɗanda suka tashi da ƙafarsu, launinsu kore ne, za su iya jira, kuma daga cikinsu za ka samu mataimaka.

Sauran da suka rage a kwance sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka wuce minti ɗaya a kan kowa. Abu uku za ka duba. Na farko numfashi: idan babban mutum yana numfashi fiye da sau 30 a minti, wato wajen sau 8 cikin sakan 15, launinsa ja ne. Idan ba ya numfashi, ka ɗaga haɓarsa domin buɗe hanyar iska. In numfashin ya dawo, ja ne, sai ka kwantar da shi a kan gefensa. Na biyu gudanar jini: ka danna farcensa har ya yi fari sannan ka saki, idan launin bai dawo cikin sakan 2 ba, ko ba ka ji bugun jijiya a wuyan hannunsa ba, ja ne. Na uku hankali: ka ce masa ya matse hannunka, idan ya kasa bin wannan ɗan umurni, ja ne. Wanda ya tsallake duka ukun amma ba ya iya tafiya, kamar mai karaya a ƙafa, launinsa rawaya ne. Ka ɗaura wa kowa ƙyalle mai launinsa a damtse, ka wuce gaba. A wannan zagaye na farko abu biyu kaɗai ake tsayawa yi, wato buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini mai kwarara.

Ƙananan yara sun fi manya saurin numfashi, saboda haka ma'auninsu daban ne: yaron da numfashinsa ya gaza sau 15 ko ya haura 45 a minti shi ne ja. Mace mai tsohon ciki da ta sha bugu a ciki, a hanzarta da ita ko da tana tafiya da ƙafarta.

Akwai launi na huɗu, baƙi, na wanda bai yi numfashi ba ko bayan an buɗe masa hanyar iska. Shawarata ita ce malamin gona kada ya ɗauki nauyin yanke hukuncin cewa wani ya rasu. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne. Ka wuce zuwa ga na gaba idan kai kaɗai ne, amma idan akwai wanda ya koyi farfaɗo da numfashi, ka bar shi a kansa. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda aka tsamo daga ruwa, domin rashin iska ne ya tsayar da shi, kuma sau da yawa yakan dawo idan an fara da hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2. Ba a koyon wannan daga takarda. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana da rassa a jihohi, tana kuma ba da wannan horo. A tura aƙalla mutum biyu daga kowace ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa.

Idan mota ko jirgi ya samu, masu ja ne za su fara tafiya, sai masu rawaya. A sake duba kowa bayan ɗan lokaci, domin mai rawaya yana iya komawa ja.

Abin da za a zuba a akwati

Ba sai an sayi akwatin kanti mai tsada ba. Bokitin roba mai lita 20 da murfi mai kamawa ya wadatar, ruwa ba ya shigarsa, kuma yana yawo a kan ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya zama wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki, komai wankin da aka yi masa.

Ga rukunin mutum kamar 50, a tanadi safar hannu ta roba kwali ɗaya, da bandeji mai faɗi guda 20, da ƙyallen rufe rauni mai tsabta wanda ke zuwa a rufe cikin takarda, da filasta, da almakashi, da aidin, da sabulu. A haɗa da yadi mai tsabta da aka yanka kusurwa uku guda 6, domin rataye hannu ko ɗaure karan ɗori. A yanka ƙyallaye ja da rawaya da kore, kowanne guda 20. A sa farasitamol, da ƙunshin gishirin ORS aƙalla 50, da ƙwayar zinki, da maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs. Sai tocila da batir, da usur, da alƙalami mai rubutu a kan fata, da littafi, da manyan ledoji, da bargo. Inda akwai iyali, a ƙara audugar mata da kayan karɓar haihuwa: sabuwar reza, da zare mai tsabta, da man kulohezidin na shafa wa cibiya. Gidan sauro da rigar hana nutsewa ba za su shiga bokiti ba, amma a rataye su kusa da shi, musamman ga masu noma a fadamun Ogbaru da Anam, inda kwalekwale ne hanyar fita.

Kada a sa allura, ko taramol, ko kafson nan ja da yalo da ake sha barkatai. Waɗannan sai da umurnin ma'aikacin lafiya, kuma ajiye su a akwatin jama'a yana jawo a riƙa buɗe shi don abin da ba gaggawa ba. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko farfaɗiya, ko mai shan maganin tarin fuka, shi ya tanadi nasa maganin na mako biyu a leda mai ɗaurewa kafin watan Agusta.

A cikin murfin bokitin a manna takarda mai ɗauke da sunayen asibitoci mafi kusa da lambobin direbobi biyu ko uku. A Inugu, Asibitin Ƙashi na Ƙasa yana da sashen kula da masu ƙuna, ga kuma asibitin koyarwa na Parklane a cikin gari da na Ituku-Ozalla a wajen gari. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na jami'ar tarayya da na jami'ar jiha. A rubuta sunan wanda ke jin Ibo ko Turanci da zai raka majinyaci. Haka kuma kowane ɗan ci-rani a rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa a littafin, domin mutum da yawa an san su ne da laƙabi kawai. Ya kamata mai rakiya ya sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Jini, ƙuna da karaya

Jini mai kwarara ana tsayar da shi ne da dannawa. Ka sa safa, ka ɗora ƙyalle a kan raunin, ka danna da ƙarfi na minti 10 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba. Idan ƙyallen ya jiƙe, ka ƙara wani a kansa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi kamar santimita 5 zuwa 7 a saman raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a goshin majinyacin, kada a kwance sai a asibiti. Ba a zuba ƙasa ko toka ko ruwan batir a rauni. Duk wanda ƙusa ko kwano ya yanka cikin ruwan ambaliya, a kai shi a yi masa allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Ƙuna kuwa maganinta na farko ruwa ne mai sanyi, a riƙa kwararawa na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, sannan a rufe da leda mai tsabta. Manja, da ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da baƙin mai, duk suna ƙara wa likita aiki ne kawai. Karaya a tallafe ta da kwali ko katako yadda take, kada a ja. Wanda ke kukan wuya ko gadon baya bayan faɗuwa kada a ɗauke shi ranga-ranga. A bar shi inda yake sai in wuta ko ruwa na matsowa, sannan a ɗauke shi a kan ƙofa ko faffaɗan katako, wani na riƙe da kansa.

Sito, maganin ƙwari da maciji

Nan ne aikin malamin gona ya bambanta da na sauran masu agaji, domin shi ya san abin da ke cikin sito. Ƙwayar fostoksin da ake sa wa buhunan wake da masara, da zarar ta haɗu da laima sai ta saki iska mai guba, mai wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Idan ruwa ya shiga sito mai gwangwanayenta, iskar takan fita da yawa a lokaci guda, tana ma iya kamawa da wuta, kuma gubarta ba ta da makari. A kasuwanninmu na kudu, inda yaran shago ke kwana a kan buhuna saboda tsadar haya, wannan haɗari ne na gaske ko babu ambaliya. Kada kowa ya shiga irin wannan sito don ceton kaya. A buɗe ƙofofi daga waje, a matsa nesa, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Idan gobara ce, a gaya wa 'yan kwana-kwana abin da ke ciki kafin su watsa ruwa.

Wanda maganin feshi irin su Sniper ya zube masa, ko ya sha, za ka ga yawu na dalala, gumi na keto masa, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na yi masa wuya. Launinsa ja ne ko da yana tafiya. Ka sa safa, ka cire masa tufafin, ka wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. In ido ne, a wanke na minti 15. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin zai iya komawa huhu. A tafi asibiti da kwalbar maganin a cikin leda, saboda da ita likita zai san irin makarin da zai bayar. Rigakafin duk wannan mai sauƙi ne: magungunan gona su zauna a kan kanta mai tsawo, a ɗakin da ba a kwana, nesa da abinci da akwatin agaji.

Ruwa kan koro macizai zuwa tudun da mutane suka fake, da cikin tarin buhuna da damman shinkafa. Idan maciji ya sari mutum, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko munduwa, a tallafe gaɓar da katako kamar mai karaya, a ɗauke shi kada ya taka. Ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, kuma baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. In akwai zogi a ba shi farasitamol kaɗai, ban da asfirin da dangoginsa, domin dafin kububuwa da na kasa suna haddasa zubar jini. Allurar makarin dafi ba kowane asibiti ke da ita ba. Mutanen arewa sun san Kaltungo a Jihar Gombe, amma daga Anaca Kaltungo ta yi nisa, don haka malamin gona ya bincika tun kafin damina wane asibiti ne a yankinsa ke ajiye ta, ya rubuta a murfin bokiti.

Bayan ruwa ya janye

Sau da yawa gudawa ta fi ruwan kansa kisa, domin masai da rijiya sun gauraya. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu. Ruwan sha a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsarkakewa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Mai gudawa a fara ba shi ORS nan take. Yawancin ƙunshin na lita ɗaya ne, wato ledar fiya-wata biyu, amma a duba rubutun. Idan ya ƙare, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaro a haɗa masa da zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma a ci gaba da shayar da shi. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko idanu su zurma, ko majinyaci ya kasa sha, wannan ja ne, sai asibiti. Dabbar da aka tarar ta mutu a ruwa a binne ta, kada a feɗe.

Ajiya da atisaye

A ajiye bokitin inda kowa ya sani kuma ruwa ba ya kaiwa, kamar masallacin unguwa, ko ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, ko wajen Sarkin Hausawa. Kada mabuɗinsa ya zama a hannun mutum ɗaya, domin mai mabuɗi yana iya tafiya gida sallah. Laimar kudu tana ɓata kaya da sauri fiye da yadda aka saba a Zariya ko Katsina: filasta kan daina kamawa, batir kan zubar da ruwa, gishirin ORS kan dunƙule. A buɗe a duba duk bayan wata 3, a karanta ranar ƙarewar kowane magani da lambar NAFDAC, a maye gurbin abin da aka taɓa. Kuɗin a cire shi daga asusun ƙungiya, kamar yadda ake cire na mai gadi.

Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta fitar da na ambaliya tare da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Idan yankinka na ciki, ka kira taron atisaye a watan Yuli. Ka sa mutum 10 su kwanta a ƙasa, kowa da takardar da ke bayyana irin rauninsa, ka sa ɗaya ya riƙa ihu alhali targaɗe kawai ya yi, wani kuma ya yi shiru da takardar da ta ce jini na zuba daga cinyarsa. Ka ba masu horo biyu ƙyallayen launi, ka duba agogo. Idan sun wuce minti 10 ba su gama ba, ko suka fara da mai ihu, a sake daga farko.